A Kan Kaskon Wutar da Aka Kashe Mini a Filin Barunde

Zuwa ga
Shugaban kwamitin da ke shirya kaɗe-kaɗen yammacin Asabar a filin unguwarmu,
Barunde, Gombe.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girma, kai da iyalinka da sauran 'yan kwamiti. Yaya damina, yaya fama da jama'a? Allah ya nuna mana kaka lafiya.

Sunana Manu, amma a Kasuwar Gombe in ba ka ce Manu Mai Ganga ba, ba wanda zai nuna maka rumfata. Haifaffen Kwadon ne ni, a Barunde nake zaune da iyalina. Hatsi nake aunawa a kasuwa, shi ne abincina, amma gadona gangar noma, wadda ake kaɗa wa manoma in an yi gayya. Mahaifina ya kaɗa ta, ni ma na fi shekara arba'in ina rataye da ita. Na zaɓi in rubuto maka a fili maimakon in same ka a zaure, domin abin da aka yi mini ba a zaure aka yi shi ba. A gaban jama'a aka yi, kuma da lasifika.

Kafin in shiga kuka, bari in ba ku haƙƙinku. Wannan abu da kuka ƙirƙiro a dogon hutun bana, na tara makaɗan gari duk Asabar daga La'asar zuwa gab da Magariba, abin kirki ne. Ni da idona na ga masu fiyano sun sauka, matan zumunta na coci sun hau da tulunansu, bayansu Fulani masu sarewa, bayansu samari masu gambara waɗanda ban ji ko rabin abin da suke faɗa ba, amma jikokina sun ce mini daidai ne. Na ga mutanen Barno da algaitarsu zaune benci ɗaya da 'yan rawar Tangale suna raba gyaɗa. Ban taɓa ganin haka a garin nan ba. Da sakatarenku ya zo ya ce an sa sunana a Asabar ta biyu, sai da na kai babbar rigata wajen mai guga.

Yanzu ga kukana, zan jera shi yadda ya faru.

Na ɗaya: abin da kwamitinku bai sani ba game da ganga.

Ganga ice ce da fatar akuya. Fata kuwa ko bayan an yanka akuyar ba ta daina jin sanyi. In damina ta kama, iska ta jiƙe, sai fatar ta saki, ta yi laɓo-laɓo. Ka ja igiya iya ƙarfinka, ba za ta yi magana ba sai an kai ta kusa da wuta, ana juya ta ana taɓawa da yatsa, har a ji ta ɗame. A gona kara muke tarawa mu cinna. A cikin gari ɗan kasko muke ɗauka da gawayi kaɗan, wanda bai kai na mai shayi ba. Wannan ba tsafi ba ne, ba kuma iyayi ba ne. Ka tambayi masu mandiri, su ma ba sa fita Mauludi ba kasko. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san haka. Laifin kwamitinku shi ne kun zauna kun tsara dokokin taron makaɗa, ba ku kira ko makaɗi ɗaya mai fata ya zauna da ku ba.

Na biyu: abin da ya faru a Asabar ta biyu.

An kwana ana ruwa, da safe ma an ƙara. Na iso fili da wuri, na nemi gefen katanga can nesa da mutane, na hura kaskona. Gawayin bai gama kamawa ba sai ga 'yan sintirinku biyu. Suka ce doka ce, ba a shiga da wuta, saboda rumfunan haya ne kuma ga wayoyin lantarki a ƙasa. Na nuna musu tazarar da ke tsakanina da rumfa mafi kusa, ta fi faɗin titi. Ina cikin bayani ɗayansu ya fasa ruwan leda ya juye a kan gawayin. Ban riƙe su a zuciya ba, aike aka yi musu.

Na ɗauki gangata na sami sakatarenku. Na ba shi ya taɓa fatar da hannunsa. Ya taɓa, ya yi murmushi irin na wanda ya yi karatu, ya ce, "Baba, ba matsala, injiniya zai ƙara mata sauti." Ranka ya daɗe, in aka kara makirufo a bakin mai mura, murar ce za ta ƙara fitowa. Na faɗa masa haka, ya ce lokaci na tafiya.

Nan zan faɗi nawa laifin, don kada a ce na ɓoye. Da na bi hankalina, da na rataya gangata na koma gida. Amma na ga matata da 'ya'yana mata a layin gaba, na ga 'yan dako na kasuwa da suka rufe aiki da wuri saboda ni, ga riga ta sha guga. Son a gan ni ya rinjaye ni, na hau.

Bugun farko na san an gama da ni. Sautin da ya fito daga manyan sifikokinku kamar ana kakkaɓe katifa ne. Na ƙara ƙarfi, injiniya ma ya ƙara nasa, katifar ta ƙara girma. Na ɗauko taken da in na kaɗa shi a gona tsoho ke jefar da sanda ya karɓi fartanya, ba wanda ya gane shi, ni kaina da ƙyar na gane. Dariya ta fara daga baya tana matsowa. Ban cika rabin lokacina ba mai gabatarwarku ya hau ya dafa kafaɗata, ya ce wa jama'a, "A tafa wa Baba, ya yi zamaninsa, hannu ya gaji." Aka tafa. Da zagina aka yi da ya fi mini sauƙi a kan wannan tafin. Na sauko ban ga matakala ba, na wuce iyalina ban iya duban fuskar ko ɗaya ba.

Na uku: abin da wannan ya jawo mini.

Kafin in kai gida bidiyon da masu waya suka ɗauka ya riga ni. Washegari a kasuwa ina awo ina jin katifata tana tashi daga wayoyin mutane, wannan rumfa ta kunna, waccan ta karɓa. Abokan wasana Barebari suka samu abin yi, duk wanda ya wuce sai ya tambaye ni nawa nake kakkaɓe katifa ɗaya. Wannan duk mai sauƙi ne, na saba da bakinsu, su ma sun saba da nawa.

Wanda ya karya ni shi ne na Kwadon. Akwai wani babban manomi a can, Malam Bappah, wanda tun zamanin iyayenmu ba a gayya a gonar gidansu sai da gangar gidanmu. Mahaifina ya kaɗa wa mahaifinsa. Ba a aiko mini da takarda, ba a ciniki, saƙo ne kawai yake zuwa cewa rana kaza ce. Bana saƙo bai zo ba. Sai daga baya na ji an yi gayyar gonar dawa an gama, an ɗora sifika mai caji a kan kunya tana ta waƙoƙin waya. Da na bincika, aka ce Malam Bappah ya ga bidiyon, ya ce kada a wahalar da Manu, a bar shi ya huta. Tausayina ya ji. Ranka ya daɗe, makaɗin da aka fara jin tausayinsa ya gama aiki, domin sauran masu gayya duk Malam Bappah suke kallo. Ranar na ɗaure gangar a buhu na tura ta bayan buhunan gero a rumfa, na ce wa matata kada wanda ya ƙara yi mini maganarta. Na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Asabar ta uku ban zo ba. Labari ya same ni ta bakin Modu, wani makaɗin ganga daga Barno da rikici ya koro shi nan da iyalinsa, yanzu yana ɗinkin hula a layin bayanmu. Shi ma an hana shi wuta, shi ma gangarsa ta yi masa abin da tawa ta yi mini, sai dai shi algaita ta rufa masa asiri. Bayan haka kwamitinku ya zauna ya yanke cewa gangunan gargajiya ba sa jituwa da na'ura, aka soke sunan duk mai fata daga sauran makonnin. Ka duba wannan hukunci da kyau. Ku kuka kashe wutar, sannan kuka zauna kuka kama ganga da laifi.

Na huɗu: abin da ya faru a Asabar ta huɗu, wanda kai ma shaida ne.

Modu ne ya matsa mini. Ya ce mu je da gangunanmu mu nemi ganinka, mu nuna maka da wuta da babu wuta, ka yi hukunci da kunnenka. Na ƙi, ya zauna a rumfata ya ƙi tashi, yana kore mini masu saye da surutu, har na ciro buhun don in rabu da shi. Muka iso, 'yan sintiri suka duba takarda suka ce ba sunanmu, in za mu shiga sai dai mu bar gangunan a waje. Muka tsallaka titi muka tsaya ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Yayyafi bai daɗe da ɗaukewa ba.

A gindin bishiyar nan akwai wata mata mai gasa masara, ana ce mata Maman Talatu, mutuniyar kudancin jihar nan ce. Ita ma dokar wutarku ce ta ajiye ta a waje tun Asabar ta farko. Ban san ta ba, ba ta san ni ba, ko in ce ta san ni a waya kamar kowa. Ta dubi gangata, ta miƙo yatsa ta ƙwanƙwasa fatar sau biyu. Ta ce, "Baba, wannan ai sanyi take ji. Babana ma haka yake fama da tasa a coci in an yi ruwa." Ba ta jira na roƙa ba, ta ture masararta gefe ɗaya, ta kama mafici ta shiga fifita garwashin.

Na tsuguna na kara fatar. Ina juyawa ina taɓawa, ina juyawa ina taɓawa. Wanda bai taɓa riƙe ganga ba ba zai gane abin da na ji a yatsana ba lokacin da ta fara amsawa. Sautin ya riƙa hawa kaɗan-kaɗan, har ya kai inda na san shi tun ina yaro. Na ba Modu wuri ya gasa tasa. Wallahi ban yi niyyar kiɗa ba. Cewa na yi bari in gwada sau ɗaya in ji, sai hannu ya ƙi tsayawa.

Taken nan dai na ɗauko, wanda aka yi wa dariya. Ba makirufo, ba injiniya. Wani tsoho mai sayar da goro a bakin ƙofa shi ya fara ajiye farantinsa, ya duƙa kamar mai riƙe da fartanya, ya shiga noma kwalta. 'Yan dako uku suka bi bayansa suka ja layi, kowa da kunyar gonarsa da ba a gani. Modu ya shigo da nasa salon na Barno ta ƙarƙashin nawa, abokinsa mai algaita ya ji daga cikin fili ya fito da gudu yana gyara hula. Daga nan ban ƙara sanin wa ya riga wa ba. Matan zumunta suka fito da tulunansu suka kama amshi, 'yan rawar Tangale suka buɗe da'ira a tsakiyar titi, masu Keke Napep suka kashe inji suka hau kan kujera suna kallo, masu waya kuma suna ta ɗaukar bidiyo. Ɗaya daga cikin masu gambarar nan ya durƙusa a gabana ya ce, "Baba, don Allah ka riƙe mini wannan bugun haka," ya dinga zuba magana a kai, kuma abin mamaki ta zauna daram. Matata, wadda ta ce ba za ta ƙara taka filin nan ba, ashe tana cikin taron. Guɗarta na ji kafin in gan ta.

Ba na jin daɗin abin da ya sami mai fiyanon da ke kan dandali a lokacin, domin an ce mini ya ɗaga kai ya ga kujeru zalla. Ba shi ya yi mini laifi ba, kuma na aika masa da ban haƙuri. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce raina bai yi fari ba. Ya yi fari tas. Na kaɗa har rigata ta manne a bayana, hannun da aka ce ya gaji bai nemi hutu ba, ni na tsayar da shi da kaina da na ga ladan ya nufi masallaci. Na kuma gan ka, ranka ya daɗe, tsaye a bakin ƙofa ka harɗe hannu a baya, fuska a ɗaure, amma ƙafarka ta dama tana bin kiɗa. Mutane da yawa sun gani, don haka ba asirinka na tona ba.

Masarar Maman Talatu da ta ture gefe ta ƙone ta ɓangare ɗaya saboda hankalinta na wajenmu. Jama'a suka saye ta a haka, har da ƙonanniyar, suna cewa ta tarihi ce.

Na biyar: saƙon da kuka aiko.

Ranar Talata sakatarenku ya zo rumfata. Ya gaishe ni da ladabi, ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce an mayar da sunana, ni zan rufe taro a Asabar ta ƙarshe, kuma in na zo da kasko za a kau da kai. Na gode da wannan. Amma na ce masa ya miƙe tsaye, ba na karɓar magana a kunne. Ba kau da kai nake nema ba, kamar mai shigo da kayan sata. Wannan ne ya sa na zauna na rubuto abin da nake roƙo, don kowa ya karanta.

Ina roƙon mai gabatarwarku ya hau dandalin nan, ya riƙe makirufon nan, ya faɗa wa jama'a cewa ranar Asabar ta biyu an kashe wa Manu wuta ne, ganga ta yi sanyi, ba hannu ne ya gaji ba. Ba sai ya durƙusa ba, ba sai ya ce a yafe masa ba. Ya faɗi abin da ya faru kawai, kuma masu waya su ɗauka kamar yadda suka ɗauki na farko.

Ina roƙon a mayar da sunan Modu da na duk mai fata da aka soke, ba ni kaɗai ba. Ni ina da gari, ina da dangi a Kwadon da za su tsaya mini. Modu ya baro gidansa da gonarsa, abin da ya tsira da shi ke nan a kafaɗa, kuma kunyar da ya ji ba ta fi tawa ƙanƙanta ba.

Ina roƙon a gyara dokar wuta a rubuce. Tsoronku na gobara gaskiya ne, ni ma ba na son rumfar mutane ta kama. A ware kusurwa ɗaya can jikin katangar gabas inda ba waya ba rumfa, a ajiye bokitin yashi da na ruwa, kasko ɗaya ya ishe mu duka. Kuma kaskon ya zama na Maman Talatu. Ta shigo da masararta ta zauna a ciki, mu gasa fata a gefe, ita ta yi cinikinta. Na tambaye ta kafin in rubuta sunanta a nan, ta yarda, ta ce dai a gaya wa 'yan sintiri su yi nesa da ita da ruwan ledarsu.

Na ƙarshe, in Allah ya kai mu baɗi kuka zauna tsara wani, ku ajiye kujera ɗaya a kwamiti ga wanda ya taɓa ɗaure fata a kan ice. Ba lallai ni ba. Akwai waɗanda suka fi ni haƙurin zaman taro.

Ranka ya daɗe, ban rubuto don in ɓata maka suna ba, na san zafin abin. Kai dattijo ne, kuma abin da ka assasa ya fi kuskuren da aka yi a cikinsa girma. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka masu ba ka shawara ta gari, ya raya wannan taro har jikokinmu su gaje shi. Allah ya zaunar da Gombe lafiya, ya mayar da waɗanda suka baro gidajensu gida cikin aminci, ya ba manoma damina mai albarka.

Saura magana ɗaya, ta lokaci. Sakatarenku ya ce in iso fili tun Azahar don a gwada na'ura. Ka ba shi haƙuri, ba zan samu ba. Jiya da hantsi ina cikin awo na ɗaga kai na ga Malam Bappah tsaye a bakin rumfata. Bai aiko ba, da ƙafarsa ya zo tun daga Kwadon, mutumin da rabonsa da Kasuwar Gombe an daɗe. Bai yi mini maganar bidiyo ba, na farko ko na biyu, ni ma ban yi masa ba. Ya ɗebi gero a tafin hannu ya duba, ya mayar, ya ce gayyar gonar wake ranar Asabar ce da sassafe, kuma ya sa an tara kara busasshe a ɗaki tun yanzu saboda raɓa. Don haka Asabar da safe ina gona, sai manoma sun kai ƙarshen kunya zan kamo hanya. In kuka ga La'asar ta yi ban iso ba, ku fara da masu fiyano, ina tafe.

Wassalam.

Naka,
Manu Mai Ganga,
Layin 'yan hatsi, Kasuwar Gombe.